Ctrl+D ɗaya, aiki shida: me ya hana masu manhaja haɗa kai a kan kibod?

Ka riƙe Ctrl ka danna D. In a Word kake akwatin zaɓen haruffa ne zai buɗe. In a Excel ne, abun da ke ɗakin sama zai kwafo ya zuba a na ƙasa. A CorelDRAW zai haifo maka wani irin abun da ka zaɓa sak, a Photoshop kuma sakin abun da ka zaɓa zai yi gaba ɗaya. A Chrome adireshin shafin da kake kai zai adana. In kuwa tsautsayi ya sa cikin folda kake kuma ka zaɓi fayil, toh ya wuce kwandon shara ko sallama babu. Kwamfuta ɗaya, Windows ɗaya, yatsu biyun nan dai, amma aiki shida, kuma na shidan ɓarna ce.

Wanda yake taɓa kwamfuta jefi-jefi ba zai ma san ana yi ba, maus yake ja ya bi menu a hankali. Masu shan wahalar su ne waɗanda hannunsu ya faɗa, irin yaran da ke shagunan taifin na Unguwar Rogo da bakin Bauchi Road lokacin da ɗaliban Unijos suka taso da furojet, ko masu haɗa katin biki da kalanda da fosta wajajen Terminus, da masu yanka fim da waƙa waɗanda garin nan namu na Jos bai taɓa rasa su ba. Mutum zai wuni yana tsalle tsakanin manhaja uku ko huɗu, kuma ba da ido yake aiki ba, yatsa ne ya haddace. Dubi mai haɗa katin biki misali. Ya gama jera sunan ango da amarya a Corel, kafin ya sa a filas a kai wajen bugawa dole ya maida rubutun zane, dan kar a buɗe a wata kwamfutar da babu irin haruffan komai ya watse, kuma abun da ke yin wannan shi ne Ctrl+Q, yana danna shi sau ba adadi a rana har ya zama kamar numfashi. Sai ya koma Photoshop gyara hoton amarya, mai katin na tsaye a kansa yana "oga dan Allah ka ɗan ƙara mata haske", hannu ya tafi Ctrl+Q da kansa, a can kuma ma'anarsa rufe manhajar ɗungurungum. Sa'arsa ɗaya tana tambaya ko za a yi sebin kafin ta fita. A Word kuwa wannan Ctrl+Q ɗin goge tsarin sakin layi yake yi, shiru, ba ta gaya maka ta yi komai ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, wai me zai hana a zauna a daidaita abun nan sau ɗaya kowa ya huta? Amsar farko dai an taɓa zama, kuma ɗan abun da muke mora yau daga wancan zaman ya fito.

Kafin nan abun ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A shekarun 1980, zamanin DOS, kowace manhaja masarautar kanta ce. A WordPerfect F3 ne neman taimako, F1 soke abu yake yi, F7 kuma fita, har wata 'yar takarda ake ɗorawa a saman maɓallan F ɗin an rubuta aikin kowanne saboda ba mai iya riƙe su a ka da farko. A WordStar in za ka yi sebin sai ka danna Ctrl+K sannan S, kuma da Ctrl haɗe da E, S, D, X ake yawo sama da ƙasa da gefe a cikin rubutu. Lotus 1-2-3, wadda ita ce Excel ɗin wancan lokacin, da alamar / ake buɗe menu ɗinta. Sakatare ya ƙware a ɗaya, aka canza masa ofis, ya koma ɗan koyo.

Gyara ya zo ta hanya biyu da ba su jitu ba. Ta farko daga Apple. Shi kansa tunanin yankewa da kwafa da liƙawa Larry Tesler ne da abokin aikinsa Tim Mott suka gina shi a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1970, Tesler ya koma Apple, sai abun ya fito a kwamfutar Lisa a 1983 da Macintosh a 1984 a kan Z, X, C, V. Ka duba kibod ɗinka ka ga inda suke, jere suke a layin ƙasa ta hagu kusa da babban yatsa, dan hannun dama ya zauna a kan maus. V ba ta da wata alaƙa da sunan aikinta, maƙwabtaka ce kawai ta ba ta. Kuma Apple ba shawara ta tsaya bayarwa ba, ta rubuta ƙa'ida ga masu yi mata manhaja, sannan injin nata ne, tsarin nata ne, wanda ya kauce manhajarsa ce za ta zama bare.

Hanya ta biyu daga IBM, a 1987, da wani kundi da ake kira CUA. Daga nan muka gaji F1 a matsayin taimako, Alt na buɗe menu, Tab na tsallakawa daga akwati zuwa akwati in kana cike fom, da Alt+F4 na rufewa. Su nasu kwafan Ctrl+Insert ne, liƙawa Shift+Insert, yankewa Shift+Delete. Windows ta fara da na IBM, da aka zo Windows 3.1 a 1992 sai ta rungumi Z, X, C, V na Apple ta ɗora su a kan Ctrl, amma ba ta zubar da na da ba. Gwada Shift+Insert yanzun nan a Word, zai liƙa maka. Sama da shekara talatin kenan ana ɗauke da tsari biyu na aiki ɗaya saboda ba a so a ɓata wa wanda ya saba. Abun ma da ya fi ban tsoro, Shift+Delete ɗin da ke yanke rubutu a Word ka kai shi wani wuri, in ka danna shi a kan fayil cikin folda shafe shi yake yi kwata-kwata ba tare da ya bi ta kwandon shara ba.

Toh a nan ne nake ganin mutane ke kuskuren fahimtar yadda aka samu daidaiton. Ba wai kamfanoni ne suka ji tausayinmu suka yi yarjejeniya ba. Mai tsarin, wato Microsoft ko Apple, shi ke ba masu rubuta manhaja kayan gini, akwatin rubutu, menu, akwatin buɗe fayil, kuma a cikin kayan an riga an dasa Ctrl+C da Ctrl+V. Mai manhaja bai yi komai ba ya same su kyauta, sai ma in yana son ya saɓa ne zai sha wahala. Haka abun yake a Linux, wani tsarin kamar Windows, manyan fuskokinsa biyu KDE da GNOME kowanne na da jerin nasa, kuma kayan gini irin su Qt suna da sunan aiki kamar "kwafa" wanda da kansa yake zama Ctrl+C a Windows ya zama Command+C a Mac. Duk inda bin ƙa'ida ya fi saɓa mata arha, an bi. Inda aikin na manhaja ɗaya ne ita kaɗai, kamar maida rubutu zane ko haɗe leya biyu, babu kayan gini da zai zo da shi, kowa ya duba kibod ya ɗauki harafin da ya samu a sake.

Kuma haruffan ba su da yawa, wannan shi ne lissafin da ba a son ji. Harafi 26, lamba 10, F guda 12. Word kaɗai tana da umarni sama da dubu. Cire waɗanda aka riga aka yi wa rajista, A, C, V, X, Z, S, P, O, N, F, saura nawa? Mai manhajar rubutu zai ce E da L da R da J na daidaita layi ne, tsakiya, hagu, dama, cikawa. Mai burawza zai ce shi ina ruwansa da daidaita layi, R sabunta shafi ne, L zuwa wajen adireshi, J jerin abun da aka sauke. Corel ta ce E fitar da aiki ne zuwa wani nau'in fayil, L haɗe zane, U warware rukuni, alhali U ɗin nan a Word jan layi ne a ƙarƙashin kalma. Gaskiya in ka zauna ka duba babu wanda ya yi hauka a cikinsu, kowa ya ba aikin da mutanensa suka fi yi maɓallin da ya fi kusa. In aka ce dole Ctrl+U ya zama jan layi a ko'ina, an ɓata maɓalli mai kyau kenan a manhajar da ba a jan layi sai sau ɗaya a wata.

Sai kuma tarihi da ya riga kowa zuwa. Masu koyon rubuta manhaja, irin matasan da ke zuwa wuraren koyon kodin a Rayfield da cikin gari, duk sun san ranar farko da suka danna Ctrl+C a baƙin allon nan na umarni dan su kwafi wani abu sai aikin da ke gudana ya mutu. Ba lalacewa ba ce. Tun zamanin injinan teletaif, cikin tsarin ASCII na shekarun 1960, Ctrl+C alama ce ta musamman, kuma kwamfutocin kamfanin DEC suka ɗauke ta a matsayin "dakatar da wannan aikin" tun kafin a haifi kwafa da liƙawa, daga baya Unix, tsarin da Linux ta kwaikwaya, ta gada. Ctrl+S a can daskarar da allo yake yi sai ka danna Ctrl+Q ya sake shi, Ctrl+Z kuma jingine aiki. Shi ya sa a Linux sai ka ƙara Shift, Ctrl+Shift+C, kafin ka kwafa a wurin. Mac ta tsira daga wannan rikicin ne kawai saboda tun farko maɓalli daban ta ware, Command, ta bar Control da tsohon aikinsa. Su Vim da Emacs kuwa, manhajojin rubuta kodin, ba a ma maganarsu, maɓallansu sun girmi ƙa'idar, kuma masu amfani da su ko a jikinsu. Tambayar yadda ake fita daga Vim an duba ta sama da sau miliyan a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kodin, tun 2017.

Wani lokacin ma ba tarihi ba ne, mutum ne. A tsohuwar Outlook, manhajar imel ta Microsoft, Ctrl+F da duniya ta sani da nema, tura wasiƙa gaba yake yi. Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniya a Microsoft, ya ba da labarin cewa wani mai gwada manhajar kafin ta fito ne ya nemi a yi haka saboda abun da ya saba da shi kenan, kuma mai gwajin Bill Gates ne. Wa zai ce a'a?

Amma babban dalili a wajena kuɗi ne, kuma ba a cika faɗa ba. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, su kuma kamfanoni sun san turken nan dukiya ne. Mai zane da ya shekara goma yatsunsa na kan Corel ba zai koma wata manhaja ba ko da ta fi arha, ko da kyauta ce, saboda sati biyun da zai yi yana lalube sati biyu ne na kwastoma suna tafiya shagon gaba. Har kotu an je a kan wannan. Kamfanin Borland ya sa wa manhajarsa Quattro Pro jerin umarni irin na Lotus 1-2-3 dan mutanen Lotus su shigo ba tare da sake koyo ba, Lotus ta kai ƙara a 1990, kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a 1995 cewa jerin umarni hanyar sarrafa abu ce, ba a mallake ta da haƙƙin mallaka, da aka je kotun ƙoli a 1996 alƙalai suka rabu huɗu da huɗu hukuncin ya zauna. Tun daga nan salon ya zama ɗaya: ƙaramin da ke neman kasuwa shi ke kwaikwayon babba, babban kuma ba ya motsi. Word ta taɓa zuwa da taimako na musamman ga 'yan WordPerfect lokacin da take farautarsu. Excel har gobe in ka danna / sai ta haska maka menu, saboda 'yan Lotus. DaVinci Resolve na ba mai yanka fim damar zaɓar maɓallan Premiere ko Final Cut, Blender ta masu zanen 3D ta ƙara wani tsari mai kama da na sauran manhajojin fanninta a 2019, VS Code ta masu kodin za ka iya sa mata na Vim ko Sublime. Kaga daidaito na zuwa, amma ta hanyar zawarci yake zuwa, fanni fanni. Masu yanka fim ma sun samu nasu ba tare da wani taro ba, J baya, K tsaya, L gaba, kusan duk inda ka je.

In babba ya motsa kuma sai an ji a jika. Shekara da shekaru Ctrl+Z a Photoshop taki ɗaya kawai yake komawa baya, ka sake dannawa ya dawo da kai inda kake, in kana son ci gaba da komawa sai Ctrl+Alt+Z. A ƙarshen 2018 Adobe ta gyara ya zama kamar na kowa, kuma dole ta bar wani ɗan akwati da tsofaffin hannu za su danna su koma tsohon tsari. Wannan gyara ne da kowa ya yarda daidai ne fa. Shi kuwa kishiyar Ctrl+Z, wato dawo da abun da ka soke, har yau ba a sasanta ba, Word ta ce Ctrl+Y, Adobe da Corel da Mac suka ce a haɗa Shift da Z.

Masu cewa a yi doka kawai suna da hujja, ba zan hana su ba. Nijeriya ta taɓa kwana tana tuƙi ta hagu ta tashi tana yi ta dama, ranar 2 ga Afrilu 1972, direbobi suka yi gunaguni suka saba. Amma can gwamnati ɗaya ce, titi ɗaya, ga ɗan sanda a tsaye, kuma zaɓi biyu ne kacal. A kibod babu ɗan sanda. Akwai ƙa'idojin ISO a kan yadda ake jera maɓallai da yadda manhaja za ta yi sauƙin amfani, amma ba wanda ake kamawa dan ya saɓa. Inda na ga irin wannan ya yi aiki a gida shi ne JAMB. Bayan ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015 sai ga yara da yawa, musamman daga ƙauyuka, ba su taɓa riƙe maus ba, sai ta fito da tsarin maɓalli takwas, A, B, C, D na amsa, N gaba, P baya, S miƙawa, R komawa. Ya yi aiki saboda hukuma ɗaya ce, manhaja ɗaya, aiki takwas. Ƙara manhaja ta biyu da aiki ɗari ka gani.

Yanzu ga inda abun ya fi shafarmu mu, kuma ba za ka ji ana tattauna shi a can ba. Duk wannan daidaiton an gina shi ne a kan kibod ɗin Amurka da kalmomin Turanci. S na sebin, P na firintin, B na kaurara rubutu. A Word ta Sifaniyanci Ctrl+G ne sebin, Ctrl+N kaurarawa, Ctrl+S kuma jan layi, ka yi tunanin wanda ya saba danna Ctrl+S duk minti biyu saboda tsoron ɗauke wuta. Kusa da mu ma, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai kibod ɗin Faransa suka fi amfani da shi, AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, Z da W ma haka. Hannun da ya saba da namu in ya tafi Ctrl+Z dan ya gyara kuskure, Ctrl+W zai danna, ya rufe takardar. In ya tafi Ctrl+A dan ya zaɓi komai, Ctrl+Q ne, wanda a manhajoji da yawa fita ne. A na Jamus Z da Y ne suka sauya, sokewa ta koma dawowa. Kuma irin waɗannan laftof ɗin cike suke a kasuwar tokumbo. Abun da ke ƙara rikita mutane, ba rubutun da ke kan maɓalli kwamfuta ke bi ba, tsarin da aka zaɓa a Windows take bi, dan haka za ka sayi inji an rubuta A a maɓalli kana dannawa Q na fitowa, mai shago ya ce maka ai ba komai za ka saba. Wasu har sitika suke liƙawa a kai.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A waya an huta, ka danne d ka ɗan jira ɗ ta fito. A kwamfuta har yau kowa da dabararsa. Zamanin da, kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ta zama ruwan dare, haruffa na musamman ake sakawa irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun yi wa rubutun Hausa hidima sosai, sai dai irin wannan dabarar aron gurbin wasu alamomi take yi, shi ya sa in ka buɗe tsohon rubutu a injin da babu haruffan za ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Yanzu kowane harafi na da lambarsa, a Word ka rubuta 0257 ka danna Alt+X ta zama ɗ, 0199 ta zama ƙ, amma wa zai rubuta littafi a haka? Hanya mafi dacewa da hankali ita ce Alt na dama a haɗa da b, d, k, y. Toh a Windows, Alt na dama a irin wannan tsarin daidai yake da Ctrl+Alt. Duk manhajar da ta ɗora wani aiki a kan Ctrl+Alt da harafi tana iya yin karo da harafin wani yare. A Word Ctrl+Alt+D saka bayanin ƙarshen takarda yake yi, kaga ɗ tana da abokin gaba tun kafin ta iso. Su kansu mutanen Microsoft sun daɗe suna gargaɗin masu manhaja su guji Ctrl+Alt saboda wannan dalilin. 'Yan Poland sun ɗanɗana, a 2015 aka gano ba sa iya rubuta harafinsu ś a shafin rubuce-rubuce na Medium, saboda an toshe Ctrl+S dan kar akwatin sebin na burawza ya riƙa fitowa, toshewar ta haɗa da Alt na dama da S. Su sun yi magana an gyara. Mu yawanci sai mu haƙura mu rubuta kasa a wurin ƙasa, mai karatu ya yi ta canka.

Saboda haka ni ban ga amfanin neman a ce kowane maɓalli ya zama abu ɗaya a ko'ina ba, ba zai yiwu ba kuma ko ya yiwu ba zai yi daɗi ba. Abun da ya kamata a matsa a kai ya fi haka ƙanƙanta. Maɓallin da ke aiki marar haɗari a wata manhaja kar ya zama na gogewa ko rufewa a wata ba tare da tambaya ba, kuma Q da W da ke manne da juna, ɗaya na rufe shafi ɗaya ɗayan na rufe komai, wannan ko a manhaja ɗaya ma ganganci ne, Chrome a Mac har zaɓi ta sa na sai ka riƙe Command+Q na ɗan lokaci kafin ta fita. A bar Ctrl+Alt da haruffa ga masu yare. Sannan a bar mutum ya canza maɓallan da kansa. Wannan na ƙarshen ma ba alfarma ba ce, ga makaho mai amfani da manhajar karanta allo irin NVDA ko JAWS kibod shi ne kwamfutar gaba ɗaya, babu maus a lissafinsa, in manhaja ta ƙwace maɓallin da mai karanta masa allo ke buƙata ta rufe masa ƙofa kenan. Ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, ta sauƙaƙa wa masu nakasa shafukan intanet, ta ce duk shafin da ya ɗora aiki a kan harafi ɗaya tilo dole ya ba da hanyar kashewa ko canzawa, ko ya takaita shi ga inda mutum yake aiki, saboda masu yi wa kwamfuta magana da baki kar kalma ɗaya ta tayar da umarni biyar.

Canzawa da kai ma tana da nata ciwon kai, kar in yi kamar magani ce. Photoshop da Corel da Word duk suna bari, kuma akwai PowerToys da AutoHotkey masu canza na Windows ɗin baki ɗaya. Amma a shagon da mutum uku ke karɓa-karɓa a kan inji ɗaya, in oga ya gyara maɓallai yadda yake so yaron da ya zo da rana ya shiga uku, kuma ranar da bairos ya sa aka yi wa injin fomatin komai ya koma yadda yake, sai in an fitar da saitin an ajiye a filas, wanda ba kowa ke tunawa ba. Yaron da ya koya a injin da aka canza kuma in ya je neman aiki wani wuri hannunsa bai san na kowa ba. Shi ya sa ni a wurin koyarwa na fi son a bar su yadda suka zo, a liƙa takarda a bango mai ɗauke da waɗanda ke cizo kawai, D, Q, W, E, U, da abun da kowanne ke yi a manhajojin da shagon ke amfani da su.

Kuma rigimar ba tsakanin manhajoji kaɗai take ba, hawa-hawa ce. Windows na ɗiban nata da farko, burawza ta ɗibi nata, shi ya sa Google Docs ko wani aiki da ke gudana cikin Chrome ba zai taɓa samun Ctrl+W ko Ctrl+T ko Ctrl+N ba. A ƙarƙashinsu ga direban allo, duk wanda ya zauna a kafe ya taɓa ganin allo ya kife ƙasa a sama an taru ana salati, alhali Ctrl+Alt da kibiya wani ya danna a injin da ke da tsohon direban Intel, Ctrl+Alt da kibiyar sama ke miƙar da shi. Ga masu ƙera injin su ma da nasu, a ThinkPad da yawa Fn ne a kusurwar da yatsa ke neman Ctrl sai ka shiga BIOS, saitin cikin injin, ka musanya su, a wasu laftof ɗin F5 ƙara haske ko sauti yake yi sai ka haɗa da Fn. A farkon 2024 Microsoft ta ƙaro sabon maɓalli na Copilot, manhajarta ta AI, canji mafi girma a kibod ɗin Windows tun maɓallin tambarinta na 1994, kuma a laftof da yawa gurbin Ctrl na dama ko maɓallin menu aka ba shi. Mai riƙe maus da hagu, wanda da Ctrl na dama da Insert yake kwafa, sai ya nemi wata dabarar.